Kilomita biyar da na cinye wa Mushe Sani

Yau da safe, ko shayi ban gama sha ba, ƙanensa ya kira ni ya ce Mushe Sani ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce a ina? Ya ce a hanya, cikin amalanke, za su kai shi likita.

Tun ɗazu raina a ɓace yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Mushe Sani, wato Malam Sani, shi ne ya koya mana jogarafi a kolej, nan Filinge. Duk wanda ya zauna ajinsa ya san zaren da yake yawo da shi a aljihu. Sai ya kwantar da shi a kan taswira, ya bi duk lanƙwasar hanya, sannan ya miƙe shi a kan ɗan layin ma'auni da ke ƙasan takarda. Yakan ce: "Hanya ba ta tahiya miƙe, ku ko ba tsuntsaye ne ba." Tela muke kiransa a bayan idonsa. Ya sani sarai, bai taɓa nunawa ba.

Shekarar da na faɗi jarrabawa, shi ya taka har gidanmu ya hana babana ya cire ni daga lakwal. Har regil ɗinsa na ƙarfe, na awo da jan layi, ya ba ni, wai nawa na roba duk na cinye shi da haƙori.

Da ya yi ritaya sai ya koma ƙauyensu, can ta wajen Sanam.

Bara projen da nake wa aiki ya tashi gina ɗakunan shan magani a ƙauyukan da suka fi nisa da likita. Ni aka ba lissafin nisan. Taswirar babba ce, sai na sa aka yi mini fotokopi a ƙaramar takarda don ta shiga dosiye, wato fayil. Zanen ya ƙanƙance, amma lambar da ke jiki, 1/200 000, tana nan yadda take: santimita ɗaya, kilomita biyu. Ko kallon layin ma'aunin ban yi ba. Na aza regil daga ƙauyen Mushe zuwa likita mafi kusa, na ga uku da rabi, na rubuta kilomita bakwai. Aka ce ƙauyensu ya yi kusa, aka tsallake shi.

Wai ni ne ɗalibin Tela!

Wata ranar kasuwa sai ga shi a ofis, da taswirarsa ta asali a naɗe a hammata. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Ya ce: "Isuhu, ina kas samo bakwai?"

Ya shimfiɗa tasa, ya aza regil: santimita biyar, kilomita goma ke nan. Ya ciro zare ya bi hanyar yadda ta kewaye dutse: sha biyu. Ya ce ya ma bi ta da moto, kontar da ke ƙirga kilomita ita ma sha biyu ta nuna.

"Matanmu ga amalanke su ka zuwa haihuwa. Kai kana zaune bisa kujera ka cinye musu kilomita biyar."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, Mushe, zan gyara. Da zai fita ya ajiye mini zaren a kan tebur, ya ce: "Riƙe, ka hi ni buƙatarshi."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na rubuta gyaran, ba na ƙarya. Aka ce sunaye sun riga sun tafi sama, sai zagaye na gaba. Na koma, aka ce shef, shugaban projen, ya yi tafiya. Na sake komawa, aka ce in bar takardar za a duba. Kuskuren da na yi a minti ɗaya, an kasa goge shi a wata goma! Daga nan ni ma na saki jiki. Ya kira ni sau biyu. Na biyun ina kallon wayar har ta katse, don ba ni da abin faɗa masa.

Na san ajali ne, kada kowa ya rubuto yana tuna mini. Amma na tambayi ƙanensa ko sun yi nisa kafin ya cika, ya ce sun wuce rijiyar makiyaya da kaɗan. Ɗazu na kwantar da zarensa a kan babbar taswira, daga ƙauyen zuwa rijiyar. Kilomita takwas.

A lissafina, da sun riga sun iso.

Gobe in sha Allahu zan koma da takardar nan, kuma ba zan bar ta a teburin kowa ba sai an sa hannu.

Allah Ya jiƙan Mushe Sani, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya yafe mini haƙƙin mutanen ƙauyen nan.