Lakar da Na Liƙa a Bakin Rufewar Inna

Ana idar da sallar asuba muka fita ta Ƙofar Yanɗaka, ni da wasu fatake huɗu masu jakunan gishiri da suka yarda in raɓe su. Ku 'yan'uwana na zauren malam kun yi ta tambayar abin da ya fitar da ni daga birni kwana biyu kacal bayan walimar kammala karatuna, ko sallama ban yi muku ba. Ga bayanin gwargwadon abin da na gani. Inda na yi kuskure, Allah Ya yafe mini.

Da kakar da ta wuce na je gida Babban Duhu na taya mahaifiyata shigar da gero. Tun rasuwar mahaifinmu rufewa ɗaya gare ta, wato rumbun laka mai baki a sama, kuma a cikinta take ajiye abincin damina da irin shuka. Ba a taɓa ta sai ruwa ya kusa sauka. An yi girbin nan cikin gaggawa, domin ana ta raɗe-raɗin mahara, ga shi kuma ruwa bai gama ɗaukewa ba. Inna ta ce a jera dammunan, a kifa jinka kawai, a bar bakin a buɗe ya sha iska. Ta tafi barka wani ƙauye. Ni kuwa na zauna ina ta tunanin ɓera da ɓarawo da feshin ruwa, har na tashi na kwaɓa laka na liƙe bakin tsaf, na mayar da jinka, na kama hanyar birni ban gaya wa kowa ba. A zatona alheri na yi, irin wanda ba a yayatawa. Sai ranar walima na ji wani baƙo daga yamma yana cewa rumbunan da aka liƙe da wuri sun ruɓe daga ciki. Lomar da ke hannuna ban san ta inda ta wuce ba. In har geron nan ya lalace, Inna ba ta da abin ci da damina, ba ta da iri, kuma da hannuna na jawo mata.

Hanyar Batsari a bazara ba ta da tausayi. Rairayi ya yi zafi har jakuna na ɗaga ƙafa kamar masu rawa, ni kuma takalmina ya tsinke tun kafin azahar. Babban fataken ya ɗaure mini shi da igiyar kaba, yana cewa karatu dai bai sa ƙafa ta yi kauri ba. Mun kwana a hanya, muka shiga Batsari da hantsi ranar kasuwa. Kuɗin da zai sayi mudu biyu na gero a birni, a nan da ƙyar yake sayen ɗaya, shi ma sai ka shinshina kafin ka karɓa. Na ga wata mai fura tana tura hannu har ƙasan buhu tana ɗebo na ƙasa, don masu sayarwa na zuba mai kyau a sama. Mun sha fura mai tsami da nono mai kyau. Ban iya shanye tawa ba, ɗaya daga cikin fataken ya taimake ni ba tare da na roƙe shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a Karare na gan shi. Na gangara wani tafki da ya rage ɗan ruwa a tsakiya don in yi alwala, sai wani tsohon makiyayi da ke tsaye da sandarsa ya daka mini tsawa.

"Ɗan malam, kada ka sa hannu! Ba ka da hanci?"

Sai a lokacin na lura. Ruwan ya yi kore, yana kumfa, ƙudaje sun rufe bakinsa, ga wani baƙin abu a dunƙule kamar daddawar da ta lalace. Gero ne. Tsohon ya ce masu rumbunan da suka ruɓe sun ji kunyar maƙwabta su gani, tunda asirin magidanci rumbunsa, sai suka riƙa kwasowa da sassafe suna jibgawa a ruwa don ya ɓoye musu.

"Ruwa kuwa bai iya riƙe sirri," in ji shi. "Shanuna sun ƙi sha, awaki biyu cikinsu ya kumbura. Yanzu sai mun yi tafiyar rabin yini. Hatsin ba nawa ba, ƙishirwar tawa."

Ban tabbata geron kaɗai ya ɓata ruwan ba, domin tafki kan canja da kansa in ya kusa ƙafewa. Amma matan da muka haɗu da su ɗauke da tuluna daga wata rijiya mai nisa, maganarsu ɗaya da tasa. Sun ƙara da cewa ɓeraye sun yi yawa a garin har suna shiga tukwane da rana.

Gaba kaɗan muka riƙa ganin hayaƙi a daji. Waɗanda suka yi asara ne ke sassabe sabon wuri don su noma fiye da na bara, wasu kuma na sarar marke da ƙirya suna kai wa kasuwa su musanya da hatsi. Mun yi tafiya mai tsawo babu inuwar da za mu tsaya. Wataƙila ina haɗa abubuwan da ba su haɗu ba, amma a ganina damin da ya ruɓe a rumbu bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da gumin wanda ya noma shi, ya tafi da ruwan tafki, ga shi yana tafiya da itatuwa.

A Safana na rabu da fataken. An ba mu tuwon dawa da miyar kuka a gidan da suka sauka, aka kuma ba ni labarin wani da ya fasa rufewarsa ya tarar har irin shuka ya yi funfuna. Na yi godiya, na tashi. Na bi wasu 'yan garinmu da ke komawa daga kasuwa, ina son in tambaye su labarin rufewar Inna, amma na kasa yi.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi malam da mutanen birni da gajiyar hanya ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa idona na kan rufewa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, wuyanka zai karye. Ni ka zo gaidawa ko rumbu?"

"Inna, akwai abin da na yi ban faɗa ba."

"Lakar?" Ta ci gaba da tankaɗenta. "Kwana uku da tafiyarka na jingina da ita ina ɓarar wake, na ji bayana da ɗumi kamar na jingina da murhu. Rufewa ba ta zazzaɓi sai an toshe mata numfashi. Na kira Baffanka ya ɗaga jinka. Yana ganin yaɓen ya ce ko ba a faɗa ba wannan aikin mai alƙalami ne, ya yi kyau har ya yi yawa."

Sun fasa, sun fitar da dammunan duka, sun shanya kwana huɗu. Biyu na can ƙasa ne suka fara baƙi, su ma ba ta zubar a ruwa ba. Ta sa aka haƙa rami a gona nesa da rijiya aka binne su, su zama taki. Da za a mayar da sauran, sai da ta tura hannu har kafaɗa cikin kowane dami ta ji babu ɗumi, ta barbaɗa toka da ganyen ɗoɗɗoya, sannan ta yarda aka liƙe.

"To me ya hana ki aiko mini, Inna?"

"In aiko in ce mi? Kana karatu. Kai da ka faɗa mini ranar, da ba ka sha wannan rana ba." Ta dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa. "Da ma lokacin fitar da iri ya yi. Hau ka fasa, tunda kana son laka."

Na hau, na fasa, na zaro zangarniya ɗaya. Na murza ta a tafina, na hure ƙaiƙayin, na jefa ƙwaya a baki. Ƙwayar ta ce ƙaras. Ban san lokacin da na zauna a kan bakin rufewar ina ta hamdala ba, har Baffa da ya shigo ya tambaya ko malamin birni zai yi wa'azin ne daga can sama.

Kwana uku na yi. Kullum da safe ɗumame muke ci, ƙanzon tukunya kuma Inna na kankarewa ta shanya a kan danga, ranar da babu wuta a jiƙa a sha. Ina kallonta sai na tuna da walimata. Ƙorai nawa na tuwo aka bari, aka kife a bayan katangar zaure? Ta gefensu na wuce da zan fita daga birni, ina kukan geron da ke nesa, ban ko dubi wanda ke ruɓewa a gabana ba.

Na dawo ta hanyar da na bi, lafiya lau, da takalmi ɗaya nawa ɗaya na Baffa. Ba zan ce tafiyar nan ta mayar da ni masani ba. Abin da na gane dai shi ne, ba sakaci kaɗai ke ɓata abinci ba. Tsoro na ɓata shi, kunya na ɓata shi, haka ma taka-tsantsan irin nawa, wanda bai tambayi masu aikin ba. Inna ta ɗauro mini ƙanzo a tsumma, ta ce in kai wa abokan karatuna. Yana nan a zaure, duk mai so ya jiƙa. Tuwon da ya kwana kuma daga yau kada wanda ya kai shi bayan katanga. Ku kawo mini, na koyo yadda ake shanya shi.