Minti Goma Sha Biyun Clyde Haskett

Wasa ɗaya Clyde Haskett ya iya a duniya, na minti goma sha biyu, kuma da shi ya ci abinci shekara ashirin da uku. Shi da matarsa Nettie suke hawa dandamali bayan masu tafiya kan igiya, kafin mai karnuka. Shi zai shigo yana tangaɗi kamar ya sha ya bugu, ita ta tare shi da tsintsiya. Daga Toledo har Omaha ba su taɓa sauya ko kalma ba, don kafin jirgin ƙasa ya sake kawo su gari an shekara biyu, mutane sun manta.

Da fim mai magana ya shigo, gidajen wasa suka rataya farin ƙyallen haska fim suka sallami 'yan wasa. A 1932 wani gidan rediyo a Chicago ya kira su. Suka yi wasansu, ma'aikata har da riƙe ciki don dariya.

Manajan ya ce, "Madalla! Mako mai zuwa me za ku kawo mana?"

Clyde ya ce, "Shi dai wannan."

"Haba Mista Haskett, yau ƙasar nan kaf ta ji shi. Sabo nake so."

Kwana shida suna ɗakin haya, Clyde ya rubuta ya yage. Nettie ta ce, "Tsoho, to ni in sha giyar mana, kai ka riƙe tsintsiyar." Suka gwada, ko su kansu ba su murmusa ba. Dama wasan ba nasu ba ne, mahaifin Nettie ya bar musu. Ran na bakwai ba su koma gidan rediyon ba.

Nettie ta kama wanki a wani otal, tururi ya cinye mata huhu, ta rasu a 1938. Clyde ya koma nuna wa 'yan kallo kujera da tocila a silima, har ƙafa ta gaza aka kai shi gidan tsofaffi.

Can wata 'yar jarida ta same shi, tana rubutu kan zamanin da. Ya aske gemu, ya sa kwat, ya ba ta labari har awa biyu. Ita kuwa tambayarta ɗaya: wa da wa cikin manyan taurari ya taɓa gani?

Da jaridar ta fito ya bi ta layi-layi da yatsa, babu sunansa, babu na Nettie. Ya miƙa wa maƙwabcin gadonsa, ya juya fuska bango. Bai kai ƙarshen shekarar ba.