Sarbar da Aka Ba Ni Gadi

A Zongon Kwatano aka haife ni. Mahaifina direban babbar mota ne, ya rasu ina ƙarami. Inna ce ta riƙe ni da cinikin atamfa a kasuwar Saint-Michel, ita ta biya mini karatun na'ura a Calavi. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni sun san ni, kuma ba da alheri ba.

Da na gama karatu, Inna ta kai ni wurin Baba Alhaji, aminin mahaifina, mai biro, wato ofishin fitar da kayan 'yan kasuwa daga tashar jiragen ruwa. Ya shigar da ni wani ɗan ɗaki mai sanyi, ya nuna mini wata baƙar na'ura. Ita ce sarba, inda takardun duwan, wato kwastan, da na masu kaya suke, kuma ma'aikatansa kan shige ta daga nesa da kalmar sirri.

Ya ce, "Ɗana, ni ban san kanta ba. Amanar mutane ce a ciki, na ba ka."

Ranar farko da na buɗe rajistar masu neman shiga, na ga abin da ban zata ba. Mutane daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba suna ta gwada kalmomi, wannan ta ƙi su sako wata, ba hutu. Na zage na yi aiki. Na hana shiga da sunan babban mai iko. Na sa dokar duk wanda ya kuskure sau uku a toshe adireshinsa. Na soke kalmar sirri gaba ɗaya, na yi wa kowane ma'aikaci mabuɗin na'ura nasa. Cikin mako guda masu gwaji suka koma kamar ƙuda a jikin gilashi. Baba Alhaji ya riƙa nuna ni ga baƙi yana cewa ga injiniyansa.

Zaman banza ne ya fara ɓata ni. Aiki ya lafa, ni kuwa kullum ina kallon rajistar nan, har na haddace dabarun ɓarayin. Wata rana na ce bari in gani ko biron da ke maƙwabtaka da mu sun kulle tasu. Na saki ɗan shirin gwada kalmomi. Kafin la'asar na shiga. Sunan ɗan mai biron ne kalmar, da shekarar haihuwarsa. Ban taɓa komai ba, na fita. Na ce wa raina ai ba sata ba ce, leƙe ne. Amma daɗin da na ji, ko ranar karɓar takardar makaranta ban ji irinsa ba.

Bakina ne ya kai ni. Na ba da labarin a wurin mai shayi, labarin ya isa kunnen wani mutum da ke zaune a unguwar Vêdoko, wanda kowa ke kira Patron. Ya aiko aka kai ni gidansa, ya sa aka kawo mini gasasshen kifi.

Ya ce, "Ƙanena, irin ƙwaƙwalwarka ba ta gadin tsoho ba ce. Kai buɗe mini kawai ka koma gefe. Me ya shafe ka da abin da ya biyo baya?"

Na ce ina tsoro. Ya yi dariya ya ce wanda ya bar sarbarsa a sake shi ya yi wa kansa.

Wata takwas ina buɗe masa sarbobin mutane. Ban taɓa tambayar abin da yake yi da su ba, don na san amsar. Yakan kulle takardun mutane, ya ce sai sun fanshe su. Na sayi babur, na canja waya. Inna ta tambaye ni, na ce Baba Alhaji ne ya ƙara mini albashi, ta ɗaga hannu tana sa masa albarka. Ina tsaye ina ji.

Sarbar ƙarshe ta wani ɗakin gwajin jini ce. Kullum daga sibar, shagon hayar intanet, nake aikin, ina ɓoye sawuna, amma ranar Patron ya matsa mini da waya, sai na yi daga biron Baba Alhaji. Na gwada sau uku aka toshe ni. Dokar da na sa wa wasu ce wata ta sa mini. Maimakon in haƙura, zuciya ta ɗebe ni, na sake dawowa ta wata hanya, na shiga. Ashe matar da ke kula da sarbar tana zaune tana kallo, tana kwafe komai.

Ba ni 'yan sanda suka fara kamawa ba. Layin intanet ɗin da sunan Baba Alhaji yake, don haka shi suka ɗauka, ranar Juma'a, yana fitowa daga masallaci, a gaban jama'ar Zongo. Dattijo mai ciwon sukari ya kwana biyu a komisariya, ofishin 'yan sanda, ni ina gida ina cin tuwon Inna, ban fito na ce ni ne ba. Sai da suka bincika na'urorin suka zo kaina.

A kotu na ga matar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa alƙali, "Da ya shiga, dole muka rufe sarbar, alhali akwai masu jiran sakamako don a fara musu magani. Ban san me za mu gaya musu ba." Patron kuwa lambarsa ta daina shiga, gidan Vêdoko na haya ne, sunan da na sani ma ba nasa ba ne.

Shekara uku na yi a gidan kaso. Ba zan ba ku labarin cunkoso da ƙaiƙayi ba, kowa ya ji. Abin da ya fi ci na shi ne labarin da ke iso ni. Masu kaya sun janye daga biron Baba Alhaji, don ba wanda zai ba da takardunsa a wurin da daga cikinsa aka yi kutse. Ya sallami ma'aikata, ya rufe. Inna ta daina fita kasuwa saboda nuni da baki.

Da na fito na je na durƙusa gabansa. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Na yafe, don kada Allah Ya tsayar da ni da ɗan aminina ranar hisabi. Tashi ka tafi." Bai kira ni ɗansa ba.

Yanzu gilashin waya nake mannawa a bakin titi. Na iya tsare sarba fiye da da yawan masu yi, amma ba wanda zai bar ni in taɓa tasa, kuma ban ga laifinsu ba. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa.

Ku matasa masu ilimin na'ura, idan an ba ku sarba, ku toshe mai yawan gwaji, ku yi amfani da mabuɗi, ku duba rajista kullum. Ta wani kuwa, ko a sake kuka gan ta, ku wuce. Kada ku ce leƙe ne kawai, ni ma haka na ce. Kuma duk wanda ya zaunar da ku yana yabon ƙwaƙwalwarku, ku tambaye shi sunan wa zai fito a rajista. Watan jiya na hango Patron a fitilar hanya, cikin mota mai sanyi. Ya dube ni sosai, ya ɗaga gilashi.