Ƙodar da Likita Ya Kira Baƙuwa

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe abin da ya faru a asibitin Gusau wajen ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da mura ta kusa raba mu da Yayana.

Ƙodarsa ce ta lalace, wurin aikinsa suka kai shi Ingila, aka ce sai ɗan'uwa ya ba da tasa. Ni aka gwada ta dace, aka ɗauko ni daga ɗakin mijina a Tsafe, ni da ko Zariya ban taɓa zuwa ba. Muka dawo lafiya da tulin ƙwayoyi da kashedin ya guji mai tari. To, wa zai hana mutanen Bungudu zuwa barka da sauka? Kowa sai ya riƙe hannunsa ya yi addu'a. Ba a jima ba mura ta kama shi, ta sauka ƙirji, numfashi ya koma kamar ana jan zarto.

A asibiti likita ya keɓe shi ɗaki guda, ya dakatar da ɗaya daga cikin ƙwayoyin Ingila, kuma kullum da safe sai a zo a ɗebi jininsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, a rage masa magani, a kuma riƙa zuƙe ɗan jinin da ya rage? Ni na kai ƙara wurin Inna mahaifiyarmu a Nahuce, na san halinta.

Washegari ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakin. Da mai ɗibar jini ya zo ta ce, "Ɗan nan, koma. Jinin wanga yaro ba na sayarwa ba ne."

Aka kira likita. Bai yi faɗa ba, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Inna, a cikin jini akwai masu gadi. Ƙwayar nan tana sa su barci don kada su kori baƙuwar da aka sa masa. Yanzu ciwo ya shigo, masu gadin sun yi kaɗan. In ban tashe su ba ciwon zai kashe shi, in kuma suka tashi da yawa su far wa baƙuwa. Shi ya sa nake duba jinin kullum, in san inda zan tsaya."

Duk bayanin nan kalma ɗaya Inna ta kama. "Wace baƙuwa? Ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha. Mi ya sa ka ce mata baƙuwa?"

Likita ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarki. Don 'yar gida ce ma suka bar ta ta kai yau. Amma wanda ya farka a firgice ba ya tantance fuska."

Inna ta janye tabarmarta. Da aka gama ɗibar jinin ta leƙa ta taga, ta nuna cikin Yaya da yatsa ta ce, "Ku ji ni nan. Ku yi da ciwon, ita ku ƙyale ta, ɗiyata ce." Yaya ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ni kuwa kuka na yi.

Daga ranar tabarmar ta koma tare 'yan dubiya a bakin ƙofa. Har limamin unguwarmu daga waje ya yi addu'arsa. Kullum Inna sai ta tare likita ta ce, "Yau sun tashi?" Ya ce, "Kaɗan-kaɗan, Inna." Ranar da zazzaɓi ya sauka, fitsari kuma bai ragu ba, likita ya mayar da ƙwayar a hankali.

Yaya ya rayu har ya aurar da 'ya'yansa, kuma bai sake kirana da sunana ba, sai 'Yar Gida. Likitan nan ban san inda yake ba, amma ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba. A wurinsa na koyi cewa wani lokaci mai rage maka magani shi ne mai sonka. Ranar da Yaya ya rasu aka ce in yi haƙuri, na ce ai bai tafi shi kaɗai ba, da 'yar gida ya tafi.