Kwana Shida da Muka Ɓoye wa Inna Magana

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma kwana shidan da muka yi muna ɓoye wa Inna magana ba za su taɓa barin raina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, domin ni ce na fi kowa zaƙewa a cikin lamarin.

Inna mahaifiyata ce, a Fagge muke zaune. Tana da hawan jini, likita ta ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe. Yayana ya sayo mata na'urar awo, irin wadda ake ɗaurawa a damtse ta hura kanta, aka damƙa min aikin awon tunda ni ce a gida ina ɗinkina a zaure. Kuma wallahi jinin ya zauna lafiya, sai mu yi wata guda lambar da na'urar ke nunawa ba ta ba mu tsoro ba.

Inna tana da aminiya a Sabon Gari, Ibo ce, Kirista, mu dai Mama muke ce mata. Shekara talatin rumfunansu na jikin juna a kasuwa suna sayar da atamfa. Bayan Inna ta bar kasuwa ma, ba a wuni ba su yi waya ba, su yi ta tsokanar juna da Hausa suna dariya kamar yara.

Wata Laraba da hantsi sai ga 'yar Mama ta shigo zaure, idanunta jawur. Ta ce, "'Yar'uwa, Mama ta faɗi jiya a rumfa, ɓarin jikinta ya shanye. Ashe wata uku ke nan da ta daina shan maganin hawan jininta, wai ta ji sauƙi. Tana asibiti, magana na fita da ƙyar, amma Inna kawai take kira. Ta ce akwai abin da take son gaya mata."

Na kira Yaya a waya, ko gama bayani ban yi ba ya katse ni. "Kul! Kada wanda ya kuskura ya gaya mata. So kike ita ma ta faɗi? A bari Maman ta ɗan samu sauƙi tukuna." Ban yi masa musu ba, don kuwa haka muka taso muka ga ana yi. A wajenmu mai hawan jini ba a kai masa mummunan labari. Ko rasuwa aka yi sai a yi ta kewaye-kewaye, wani har a yi sadakar bakwai bai sani ba. Na ba wa 'yar Mama haƙuri, na ce ta ba mu kwana biyu.

Nan take na shiga aiki. Na ɗauke wayar Inna na ce lasifikarta ta lalace, na kai gyara. Duk matar da ta yi sallama sai na tare ta a zaure na ja mata kunne. Matan yayyena in suna ƙus-ƙus a tsakar gida Inna ta fito, sai kowa ta yi tsit ta kama tsintar shinkafa. Mu a ganinmu mun iya.

Washegari na ɗaura mata na'ura, sai na ga lambar sama ta haura ɗari da hamsin. Na ce ƙila gishiri ne, na janye shi daga miya. Ran Juma'a ɗari da sittin da wani abu. Kai! Na canja batir, na auna kaina, na auna matar Yaya, duk lafiya lau, na dawo kan Inna lamba na nan daram. Na ƙirga ƙwayoyinta, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Maƙwabciya ta ce a ba ta zoɓo ba sukari, wata ta ce tafarnuwa, duk na ɗura mata. To mene ne? Labarin da muke tsoron ya tayar mata da jini ba ta ji shi ba, ga jini kuma yana ta hawa. Na rasa inda zan sa kaina. 'Yar Mama tana ta kirana a waya, ni kuma ina ce mata, "Gobe in sha Allahu, yau jikin Inna ba daɗi."

Sai kuma Inna ta fara wasu abubuwa da suka ƙara ruɗa ni. Macen da ba ta iya shiru ta koma zama a ɗaki da carbi. Ta ɗauko leshinta mai tsada ta ba ni. Ta aika aka kira mata maƙwabciyar da suka shekara biyu ba sa ga-maciji a kan kwata, ta nemi gafararta. Na ce a raina, shi ke nan, ciwon ya fara taɓa mata kai.

Ran Litinin lamba ta kusa ɗari da tamanin, na ce ba zan iya ba, na sa ta a adaidaita sahu muka tafi wajen likitarta. Likita ta auna, ta ɗaure fuska, ta tambaya ko akwai abin da ke damun Inna. Na yi caraf na ce babu komai. Sai Inna ta ɗaga min hannu.

"Likita, ke 'yata ce, ki ji tsoron Allah ki gaya min gaskiya. Kwana nawa suka rage min?"

Likita ta ce, "Hajiya, wa ya ce miki haka?"

"Ba sai an faɗa ba. Sun ƙwace min waya. In na fito sai su yi shiru. Wannan tana auna ni sau biyar a rana, tana kallon abin tana ɓata rai. Na san kin gaya musu wani abu. Ni ba tsoron mutuwa nake ba, so nake na shirya."

Innalillahi! Ashe kwana shida tsohuwar nan tana kwana tana tashi da tunanin likkafaninta, mu muka jefa ta ciki, muna ta murna wai muna kare ta. Na fashe da kuka na faɗi komai a gaban likita.

Inna ba ta faɗi ba, ba ta ma yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Tun Laraba take kirana?" Ta gyara mayafinta ta miƙe. Likita ta zaunar da ita, ta ba ta magani, ta ce sai ta huta an sake awo. Ni kuwa ta wanke ni tas. Ta ce mai hawan jini mutum ne mai hankali, ana zaunar da shi a gaya masa magana a tsanake bayan ya sha maganinsa, zulumin da muka bar ta a ciki ya fi labarin illa. Da aka sake awo jinin ya ɗan sauka, ta ce mu je, amma na dawo da ita washegari.

Daga Fagge zuwa asibitin da Mama take a Sabon Gari ko minti goma sha biyar ba mu yi ba. Wannan kusancin ma ciwo yake min har yanzu. 'Yar Mama ta tare mu a bakin ɗaki, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce ciwon ya sake bugun Mama ran Asabar, tun daga ranar magana ta ɗauke gaba ɗaya.

Inna ta zauna a bakin gado, ta kama hannun da ke motsi. "Ƙawata, ga ni na zo. Yara ne suka ɓoye min. Faɗa min, ina ji." Mama ta gane ta sarai. Ta ƙanƙame hannun, leɓenta na rawa, hawaye na gangarowa ta gefe guda, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Inna ta kai kunnenta bakin Mama ta daɗe a haka. Mako biyu bayan nan Mama ta rasu, 'ya'yanta suka tafi da gawarta garinsu.

Inna ta rayu shekaru bayan haka, tana shan maganinta, jininta lafiya. Ba ta taɓa yi min faɗa a kan maganar ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Sau ɗaya kawai, muna gyaran wake, ta ce, "Ke da aka ba wa saƙon, ba ta ce ko a kan mene ne ba?" Na ce ba ta ce ba.

Abin da na koya shi ne, hawan jini da magani da awo ake riƙe shi, ba da ƙarya ba. In mara lafiya ya aiko yana kiran wani, a kai masa shi a ranar, domin bakin da ke magana yau ba lallai ya kai gobe ba.