Gashin Tullio da Alkawarin Inna Nives

Ka taɓa shafe shekara arba'in kana son abu, sai rana ɗaya ka gano a gidanku ya tsiro? Ni ya faru da ni, har yau in na tuna sai na nemi kujera.

Kawuna Oreste mai aski ne a garinmu, kusa da Rimini a ƙasar Italiya. Kujera biyu ce a shagonsa, madubi uku, ɗaya a tsage tun ina yarinya. Bai taɓa yin nisa da gida ba. Abin taƙamarsa ɗaya ne: tare suka tashi da Tullio, mawaƙin ƙungiyar I Lampioni. Tullio da abokansa uku suka kafa ta a garejin uban mai gangarsu. Faifai ashirin da uku suka fitar, duk ina da su. Mai ganga ya rasu, an canza mai jita sau biyar, sun watse sau biyu sun dawo. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne gashin Tullio, baƙi wuluk har kafaɗa. In waƙa ta zo ƙarshe sai ya watsa shi baya, mata su yi ta ihu. Har da ni.

Matar kawu, Inna Nives, ita ma Allah ya ba ta gashi har ƙugu. Duk bayan shekara uku sai ta yanke shi gab da bikin waliyyin gari, ta ce alkawari ta ɗauka wa Budurwa Maryamu. Har fada, limamin cocinmu, ya taɓa yabon ta a coci.

Bara I Lampioni suka ce a bikinmu za su yi wasan bankwana, kuma ni ce shugabar kwamiti. Kujera dubu da ɗari biyu na jera a dandali, duk an kama. Da la'asar na je shagon kawu neman Tullio, na tarar an saki labule, na bi ta baya.

Wani tsoho na zaune a kujerar aski, kansa fes kamar ƙwai. Kawu na riƙe da hular gashi, asu ya cinye rabinta. Sai da tsohon ya yi magana na gane Tullio ne.

"Oreste, kai da asu wa ya fi wani amfani? Aiki ɗaya na ba ka."

"Aiki ɗaya? Shekara talatin da biyar ina manna maka kai, tsohon banza."

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Inna Nives tana tsaye da kofi a hannu. Ta ce, "Zauna, Fiorenza, kar ki faɗi. Gashina ne. Sau goma sha ɗaya na yanke masa."

"To Maryamu fa?"

"Ita ta sani. Kullum ina gaya mata."

Hoton da na kwana ƙarƙashinsa tun ina 'yar makaranta, ashe gashin matar kawuna nake kallo.

Tullio ya ce ba zai hau dandamali haka ba, a ce wa mutane ba shi da lafiya. Na tuna kujeruna. Na ce a yanke gashin Inna yanzu a yi masa wata hular, ta zame ɗankwali ta nuna min furfura da ba ta kai tsawon yatsa ba. Na kawo shawara huɗu, ya ƙi duka.

Kawu ya jefa hular a kwandon shara. Ya ce, "Tullio, kawunan garin nan duk ta hannuna suke bi. Rabin waɗanda za su zauna a gabanka sun fi ka sanƙo. Tashi in goge maka shi ya yi ƙyalli."

"In suka yi dariya fa?"

"Ka yi musu waƙa. Ko ita ma Nives ce ke yi maka?"

Da dare Tullio ya hau dandamali da sanƙonsa. Dandali ya yi tsit, har ƙarar cokali a rumfar taliya ana ji. Wata mata a layin gaba ta dafe ƙirji. Mai jita da kansa ya saki baki, shekara tara suna tare bai sani ba. Tullio ya tsaya bai fara ba.

Sai kawu ya miƙe a layi na uku, ya cire hularsa, ya ɗaga, nasa sanƙon ya bayyana. Mai gidan burodi ya bi. Fada ya bi. Na fara ƙirga masu sanƙon da suka miƙe, na kai tamanin da wani abu, hawaye ya ɓata min lissafi. Tullio ya shafa kansa, ya ɗauki waƙa. Da ta zo ƙarshe ya watsa kai baya kamar yadda ya saba, ba abin da ya tashi, ihun kuwa ya fi na da.

Kawu yana nan a shagonsa. Inna ta bar gashinta ya huta, amma fada bai daina hararar ta ba.

Kai ma in akwai abin da kake rufewa don kar masu ƙaunarka su gani, don Allah cire hular a gabansu sau ɗaya, ka ƙirga nawa za su tashi su tafi.