Ƙugiyar da Ta Ɓace a Zauren Yaya Shu'aibu

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Shu'aibu, kuma har yau ban goge lambarsa daga wayata ba. Masu karatu ba za su san shi ba. Malamin firamare ne da ya yi ritaya ya koma noman rake a gefen Dandamisa. Shi ya buɗe mana zauren tattaunawa a waya, inda manoma da makiyayan yankinmu ke sanar da juna farashin taki, da ranar allurar shanu, da wanda aka yi wa rasuwa. Shi ne kuma mai kula da shi, mai ikon shigar da mutum ko fitar da shi.

Ni ne ƙanensa Haruna, kuma kowa a Makarfi ya san ban gaji haƙurinsa ba.

Wata damina saniya ɗaya ta shiga gonar raken wani. Kafin azahar, a zaure, ta zama garke guda. Na ji haushin yadda ake ƙara wa labarin gishiri, sai na rubuta: "Matsalar garin nan baki ne." Nufina surutu, bakin da muke magana da shi. To wayoyinmu ba su da harafi mai ƙugiya, da "baki" da "baƙi" duk abu ɗaya muke rubutawa. Ardo Jibo, shugaban makiyayanmu, wanda kakansa ma a nan aka haife shi, ya karanta shi da ƙugiya. Ya rubuta layi ɗaya: "Yau mu ne baƙi?" Ya fita. Makiyaya suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu manoma kuma suka hau yaba mini a kan abin da ban faɗa ba. Wannan yabon ya fi komai tsorata Yaya.

Ya rufe zauren, ya hau babur ya same ni a gona. Na ce ni ba zan ba kowa haƙuri ba, ai ban yi laifi ba.

"Ban ce ka yi laifi ba, Haruna," in ji shi. "Wayarka ce ba ta da ƙugiya. Harshenka yana da ita. Hau mu je."

A rugar Ardo, bayan doguwar gaisuwa, Yaya ya sa na maimaita jimlar da bakina. Ardo ya tuntsire da dariya. "In dai wannan bakin ne, Malam Haruna, ai naka ya fi na kowa tsawo." Da la'asar makiyayan duk sun dawo zaure.

Daga ranar Yaya ya kafa doka guda: duk wanda rubutu ya ɓata wa rai, kafin ya mayar da martani sai ya tambaya, "Me kake nufi?" Wanda aka tambaya kuma da murya zai amsa. Mun yi ta yi masa tsiya, muna cewa ya mayar da mu 'yan aji uku. Amma a iya sanina bai taɓa fitar da kowa ba.

Da ya rasu aka miƙa mini zauren, don kawai ni ƙanensa ne. Yanzu ya cika da 'ya'yanmu na Kaduna da Legas, waɗanda ba su san fuskar juna ba, suna shigowa babu sallama, da bidiyon faɗan wasu garuruwa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai yi da su. Ina jin zai gaji, amma zai tambaya. Ni kuwa na gano cewa fitar da mutum ya fi sauƙi, taɓawa biyu ce kawai.

Makon jiya gardama ta tashi kan burtali, hanyar shanu da wasu suka nome. Na goge saƙonnin da na ga sun yi zafi, kuma gaskiya na makiyaya na fi gogewa. Sai Bello, babban ɗan Ardo, wanda yanzu malamin asibiti ne a Hunkuyi, ya rubuta: "Da Malam Shu'aibu na nan, da ba haka ba." Raina ya ɓaci, na fitar da shi. Ardo bai kira ni ba. Makiyaya huɗu suka fita shiru, na ga abin da Yaya ya hana faruwa yana shirin faruwa a hannuna.

Sai da na kwana biyu na tuna ban yi tambayar ba. Na hau babur na tafi Hunkuyi, ina fatan wata ƙugiya ce ta sake ɓacewa. Muka gaisa, na ce, "Bello, me kake nufi?"

Ya sunkuyar da kai. "Baffa, abin da na rubuta. Babu harafin da ya ɓace."

Na ji kunya ƙwarai, na kuma yi kewar Yaya fiye da ranar da muka binne shi. A nan tsaye na mayar da Bello zaure, na ɗauki murya na ba makiyaya haƙuri. Uku sun dawo, ɗaya har yanzu ina jiransa.

Yaya bai bar gini ko suna a jarida ba. Tambaya ɗaya ya bari, kuma sai yanzu na fahimci cewa mai yin ta dole ya shirya jin amsar da ba ya so. Allah Ya jiƙan Malam Shu'aibu, Ya sa ya huta.